Ƙarar kwana ta ci mini kwana biyu

Ƙarar ba ta zuwa sai na saka wa motata fowil, wato tayoyi huɗu duka su riƙa ja, shi ya sa na daɗe ina yaudarar kaina. A kan kwalta, inda tayoyin baya kaɗai ke tura motar, shiru kake ji kamar ba komai. Amma da na sauka kan burji ko yashi, na ja ƙaramin giya zuwa 4H, wato mazaunin fowil, na karya sitiyari har ƙarshe na taka mai, sai ƙas-ƙas-ƙas ta taso daga wajen tayar gaba ta dama, tana bin juyin taya, in na ƙara wuta ta ƙara sauri. In da baya nake yi ma ta fi fitowa. Yau in ce tsakuwa ce ta maƙale, gobe in ce birki ne. Ranar da na durƙusa na haska bayan tayar da tocila, sai ga abin da ya kamata in gani tun watanni: robar kan shaf ta tsage a lanƙwasa ta biyu, baƙin giris ya fantsama ya yi wa cikin rim da shokozoba fenti, ƙura ta bi ta manne har ya zama kamar busasshiyar laka.

Motar a-kori-kura ce mai dizal, ta haura kilomita 240,000, irin wadda kowace tayar gaba ke hawa da sauka ita kaɗai. A irin wannan gaban, tukunyar aksil a ɗaure take jikin shasi, gajerun shaf biyu na fitowa daga cikinta, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da gaɓa biyu. Ta waje, wadda makanikai ke ce wa kan shaf, a kwalin kayan gyara kuma a rubuta CV, ita ke lanƙwasawa in an juya sitiyari. Ta ciki kuwa aikinta shiga da fita, domin tazarar da ke tsakanin aksil da taya tana canjawa duk sanda taya ta faɗa rami ko ta hau tudu.

Me ya hana a sa kuros, wato gaɓar da ke jikin furofela, doguwar sandar da ke kai juyi tayoyin baya, a nan a huta? Kuros in ya karkata ba ya juyi daidai. A kowane zagaye guda sai ya yi sauri sau biyu, ya yi jinkiri sau biyu, kuma iya karkatarsa iya tsananin abin. A furofela karkatar 'yar kaɗan ce, ga kuma kuros na biyu yana gyara ɓarnar na farko. A tayar da ake murɗawa har ƙarshen sitiyari kuwa, fizgar har hannunka za ta zo. Wani injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, shi ya fito da mafita a shekarun 1920: ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, suna gudu a kwarin da aka sassaƙa tsakanin wata 'yar tauraruwa ta ciki da ƙoƙon waje. Ko yaya gaɓar ta karkata, har wajen digiri 45, ƙwallayen na tsayawa a tsakiyar kusurwar, juyin da ya shiga shi ke fita ba ragi ba ƙari. An doshi shekara ɗari ke nan, kuma abin da na tarar a motata bai sauya zani ba. Duk wannan hikimar kuwa, abin da ke tsare ta daga yashi roba ce guda da kilif biyu.

Hanya uku ce a gabana. Canja roba kaɗai, wannan lokacinsa ya wuce, don kan da ya fara ƙara ya riga ya cinye, sabon giris ba zai mayar da ƙarfen da ya tafi ba. Ko in sayi shaf sukutum in ɗaura, ko in canja kan waje in bar sandar da gaɓar ciki na asali. Na zaɓi ta ukun, saboda motar ba ta karkarwa in na taka mai a miƙe, wadda ita ce alamar gaɓar ciki ta gaji, kuma ban ga dalilin yar da ƙarfe mai lafiya ba. Da na duba hagu na ga robarta ba ta tsage ba tukuna, amma duk ta yi zane-zanen tsufa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi. Na sayo kai biyu, robar ciki biyu, sil ɗin aksil biyu, fin biyu da man giya. (Masu tsohuwar Land Cruiser 80 da ire-irenta, masu aksil ɗin gaba guda, nasu kan a cikin ƙwallon ƙarfe yake, ana ce masa Birfield. Aikinsu daban ne, kar su bi nawa.)

Ƙanena ya zo ya kama mini. Tun daren jajiberi na fesa man sassauta tsatsa a duk notin da na san zan taɓa, na kuma buɗe littafin motar na kwafe awon ɗaurin kowanne a bayan kwali, don hannu mai giris ba ya buɗe littafi.

Babban notin tsakiyar hob shi ne karon farko. Sai da na cire taya, na ɓamɓare murfin ƙura, na miƙe ƙafafun fin na zare shi, na ɗauke hular da ke kulle notin, sannan na mayar da taya da notoci uku na sauke motar ƙasa, domin nauyinta ya riƙe mini. Soket mai lamba 35, doguwar sifana, na zura mata bututun ƙarfe ya ƙara mata tsawo. Na danna, shiru. Na hau da ƙafa ɗaya, shiru. Sai da na ɗora duka nauyina a ƙarshen bututun sannan ya yi wata ƙara, ƙau, har ƙanena ya zabura yana cewa, "Yaya, wani abu ya karye!" Ba abin da ya karye, tsatsa ce ta saki. Kwatan zagaye kawai na kwance na tsaya. Wannan notin shi ke matse boris ɗin taya, ba a barin nauyin mota a kansa yana kwance, balle a tura ta.

Muka sa duwatsu a tayoyin baya, muka ɗaga gaba da jak, muka zaunar da shasi a kan turakun ƙarfe biyu, na girgiza motar da ƙarfi kafin in yarda in sa kaina a ƙarƙashinta. Tayar da na cire ma na kwantar da ita ƙarƙashin shasi, ko da tsautsayi. Na sauke farantin da ke kare cikin injin, na je ga aksil. A nan akwai abin da na koya tun da daɗewa: a fara kwance notin zuba mai kafin na tsiyayewa. In ka tsiyaye sannan na sama ya ƙi kwantuwa, ka zauna da busasshen aksil. Man ya fito baƙi-baƙi, lita ɗaya da 'yan kai, da ɗan garin ƙarfe mai laushi a maganaɗisun notin, ba gutsattsari, hankalina ya kwanta.

Sauran kwance-kwancen ba wani labari. Na zare na'urar ABS, wadda ke auna juyin taya don kar birki ya kulle ta, daga raminta a hankali na rataye ta gefe, na kwance maƙalin tiyon birki don ya sami sarari, na cire notin tayarod na bugi gefen kunnen da yake zaune a ciki har ya faɗo, ban taɓa zarensa da guduma ba. Na saki ɗan sandan da ke haɗa balansa da hannun taya, na kwance notocin bol-joyin na ƙasa. Daga nan nokul, wato ƙarfen da ke ɗauke da hob da birki, ya sami damar lilo waje. Na mayar da tsohon babban notin bakin zare har ya yi daidai da kan shaf, na ɗora guntun tagulla na buga sau uku, haƙoran suka saki hob. Ƙanena ya ja nokul waje, na zare kan shaf ta baya, muka ɗaure nokul ɗin da waya a jikin sifirin don kar nauyinsa ya rataya a tiyon birki.

Saura ciki. Ina neman liba a akwatin kaya sai na ji ya ce, "Yaya, ko in fizgo shi ne kawai?" Na waiga na ga ya riga ya riƙe sandar da hannu biyu ya kafa ƙafa a shasi. Na daka masa tsawa ya saki. Ba laifinsa ba ne, ido haka yake gaya wa mutum. Amma sandar ba a kulle take da ƙoƙon ciki ba, zamewa take yi a cikinsa. In ka ja ta, ƙoƙon na nan daram a aksil, sai dai ka zaro 'yan tayoyin da ke ƙarshen sandar daga hanyarsu a cikin ƙoƙon, ka yaga roba, in da ƙarar kwana ma siraran alluran boris su watse cikin giris. Abin da ke riƙe da ƙoƙon a aksil wani zoben waya ne mai baki, sakilif, da ke zaune a ƙarshen haƙora. Shi kuwa ba ya jin lallashi. Na sa bakin liba a kafaɗar da aka tanada a jikin ƙoƙon, na danna a hankali, ya ƙi. Na juya shaf ɗin kaɗan, na sa liba biyu suna fuskantar juna, na ba su girgiza ɗaya mai kaifi, fat, ya fito. Na tallabe shi a miƙe na zaro, ragowar mai ya bi gwiwar hannuna har cikin riga.

A kan benci aikin ya koma na natsuwa. Na naɗe sandar da tsumma na kama ta a bayis, na yanke kilif-kilif, na tsarge robobin biyu da wuƙa. Kafin in raba gaɓar ciki na ɗiga farin fenti a wuri uku a jere: ƙoƙo, sanda, da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke ɗauke da 'yan tayoyin. Ƙarafan da suka yi shekaru suna gugar juna sun saba da mazauninsu, in ka sauya musu sai su fara gunaguni. Fenti na ce, ba kurfi ba, ba a sarar ƙarfen da aka gasa. Na buɗe zoben bakinsa da filaya, na bugi cibiyarsa da tagulla, ban kusanci tayoyin ba. Na wanke, na juya kowace da yatsa, sumul, hanyoyinsu a cikin ƙoƙo ma ba gurbi. Na yi hamdala, rabin damuwata ta tafi.

Kan waje shi ma zobe ke riƙe shi daga ciki, ba a ganinsa. Na karkatar da ƙoƙon, na share giris har tauraruwar ta bayyana, na kafa tagulla a kanta, ba a kan keji ba, na buga da babbar guduma. A bugu na huɗu ya faɗa cikin kwalin da na ajiye a ƙasa. Da ma na iya jefar da shi nan take, amma ina so in ga abin da ya yi wata da watanni yana yi mini magana. Na karkata kejin na fitar da ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya na wanke komai da kananzir. Abin da ke ƙasan kwanon wankin ba giris ba ne, kunun yashi ne. A kowane kwari akwai ɗan gurbi da ƙwallo ya haƙa wa kansa, daidai inda yake zama in mota na tafiya a miƙe, farce na kama bakinsa. In aka karya sitiyari aka taka mai, dole ƙwallon ya hau bakin gurbin ya sake faɗawa, shida suna yi bi da bi. Ƙas-ƙas ɗin ke nan. Na miƙa wa ƙanena ya shafa, ya ce, "Wannan ɗan abin ne duk ya tayar mana da hankali?"

Na fara rufe gaɓar ciki. Na naɗe haƙoran sandar da salatif don kar su yanki bakin sabuwar roba, na zura ƙaramin kilif, na zura roba, na cire salatif, na mayar da mai ƙafa uku fenti na kallon fenti, na sa sabon zobe. Giris ɗin ciki daban yake da na waje. Na waje baƙi ne mai kauri, da sinadarin moli a ciki don ya jure matsin ƙwallaye. Na ciki ya fi ruwa-ruwa, domin ya iya ratsa tsakanin alluran. Kowanne da ledarsa ya zo, ban haɗa su ba.

Sai na ɗauko sabon kan waje na gwada shi a bakin sandar, hakanan ba zobe, don in ji yadda zai zame. Ya shiga kamar faɗin farce ya cije. Na juya shi haƙori ɗaya, ya cije. Na goge haƙoran da burushin waya, na shafa mai, ya cije. Wallahi har na ɗaga guduma. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunawa da cewa tsohon, da na wanke shi, da yatsa biyu na mayar da tauraruwarsa kan sandar. Na kira wani dattijon bakanike da nake tuntuɓa in abu ya shige mini duhu, na zayyana masa. Bai bari na ƙarasa ba.

"Ka ƙirga haƙora?"

"Baba, ai na motar ne, shekararta na faɗa aka ba ni."

"Ban tambaye ka shekara ba, ɗana. Je ka ƙirga."

Na ɗiga fenti a haƙori na farko na zagaya. Sanda 29. Na sake, 29. Sabon kai 30. Daga waje kamar an tsaga kara, haƙoran da ke shiga hob 30 ne a duka biyun, kaurin wajen sil ɗaya, tsawon zare ɗaya, noti ɗaya. Haƙori guda ne tak a wurin da ido ba ya zuwa. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da shaf iri biyu gwargwadon injinta ko ƙasar da aka ƙera ta domin ta, kuma kan shaf da lamba uku ake saninsa: haƙoran waje, haƙoran ciki, da kaurin mazaunin sil. Ni ban je da ko ɗaya ba. Da na bi ta guduma, da na lalata sabon kai da tsohuwar sanda a bugu guda. Yinin farko ya ƙare a nan, mota a kan turaku, na toshe ramin aksil da tsumma mai tsabta.

Washegari na tafi da sandar kanta a hannu aka canja mini duka biyun, na zura sabon a gaban mai kayan kafin in karɓa. Na dawo na cika shi da giris ta ramin tsakiya, ina dannawa da babban yatsa har ya ɓullo ta tsakanin ƙwallaye, ina juya tauraruwar don ya ratsa ko'ina. Na sa sabon zobe a kwarinsa, na daidaita kai a baki, na mayar da tsohon noti don ya kare zare, na ɗauki gudumar roba. Sai ga hannun ƙanena a gaban fuskata, riƙe da sabuwar roba. "Yaya, wannan fa, ta ina za ta shiga?" Ɗaya ƙarshen na riga na rufe shi tun jiya. Da na buga kan ya kulle, sai na sake fitar da shi da dukan da na yi wa tsohon. Na karɓa ban ce komai ba, shi kuma ya yi ta murmushi har azahar.

Roba ta shiga, kai ya bi baya. Na danne zoben da bakin sukundireba ya nutse a kwari yayin da ƙanena ke turawa, bugu biyu ya zauna, na ja shi da ƙarfi bai fito ba. Ragowar giris na matse shi duka cikin robar, don abin da ke ledar awo ne, ba a ragewa. Kafin in matse babban kilif na gaɓar ciki, na tsayar da shaf ɗin a tsawon da littafi ya faɗa, na zura sukundireba mara kaifi ƙarƙashin leɓen robar, iska ta yi fus ta daidaita. Robar da aka rufe da iska a ciki kumbura take yi in ta yi zafi, wadda aka rufe a matse kuma ta shige ciki lanƙwasarta na gugar juna, duka biyun ba sa daɗewa. Kilif ɗin masu kunne ne, da filayarsu ta musamman da ke matse kunnen tana danne shi ƙasa. Na lanƙwasa kowace gaɓa ta ko'ina ina kallon robar, ba inda ta murɗe.

Sil ɗin aksil na auna zurfin tsohon kafin in ɓamɓaro shi, na kora sabon da soket mai faɗinsa har daidai wannan zurfin, na shafa wa leɓensa man giya.

Ga inda na ɗauka an gama. Na sa sabon sakilif a ƙarshen ƙoƙon ciki, na kwanta, ƙanena ya tallabe kan waje, na zura a miƙe ina kiyaye leɓen sil, na juya kaɗan haƙora suka kama, na tura da ƙarfi. Ya shige. A idona ya shige. Na fito na zura kan waje a hob, na ɗaura bol-joyin, har na fara kama notoci da hannu. Sai wani abu ya ce mini in koma in taɓa. Na kama ƙoƙon da hannu biyu na ja, sai ya biyo ni salin-alin kamar an zare cokali daga kofi.

Na daɗe a kwance ina kallonsa. Da ban koma ba, ba abin da zai nuna. Motar za ta tashi, ta yi tafiya, sitiyari lafiya. Sai wata rana a hanya mai gargada, taya ta sauka ƙasa sosai, ƙoƙon ya zamo waje, mai ya bi ta sil ya tsiyaye, bakin haƙora ya riƙa cin bakin haƙora, ranar da na fi bukatar fowil in saka in ji wayam. Abin da ya taimake ni shi ne ban taɓa hagu ba tukuna. Na leƙa can na ga farantin ƙurar ƙoƙon ya kusa manne wa jikin aksil. A dama kuwa, da na sake turawa, akwai tazarar da ɗan yatsana ke shiga. Wannan tazarar ita ce zoben da ya tsaya a ƙofa bai wuce ba.

Na sake kiran dattijon. Ya yi dariya ya ce, "Ina bakin zoben yake kallo?" Na ce ban lura ba. Ya ce, "Ƙasa zai kalla. Ka sa masa giris ya tsaya tsakiya. Kuma ba turawa ake yi ba, bugawa ake." Da na zaro na duba sai na gane. Zoben ya fi kwarinsa faɗi, rataye yake a kai. In bakinsa na sama ko gefe, cikakken bayansa ke leƙowa ƙasa ya tokare ƙofar giyan da zai shiga. In bakin na ƙasa, bayan ya kwanta cikin kwari ta sama, ƙafafun biyu kuma suna da wurin matsewa. Na sake kwance bol-joyin, na fitar da kan waje don shaf ya miƙe sosai, na juya bakin zoben ƙasa na dafe shi da giris, na zura. Na kafa doguwar tagulla a kafaɗar ƙoƙon na buga. Bugu na farko ƙarar ta yi fayau. Na biyu ta yi dum, ƙarfe ya tarar da ƙarfe. Na ja da hannu biyu har motar ta motsa a kan turaku: ɗan wasa na milimita biyu zuwa uku yana nan, ciki da waje, amma fita babu. Na sa ƙanena shi ma ya ja, tunda da ma yana da sha'awar ja.

Ɗauri na yi shi da sifana mai awo, ina bin kwalin nan ina soke kowane noti da na gama. Babban notin littafin motata ya ce Nm 235, wato awon ƙarfin ɗauri, kuma wannan lambar ta motata ce, kowa ya duba nasa. Ƙanena ya hau ya taka birki, na ja har sifanar ta yi ƙwas. Hular kulle ba ta yi daidai da ramin fin ba, na ɗaga ta na juya ta wani zama har rami ya bayyana. Ba a kwance noti baya don neman rami. Sabon fin, na buɗe ƙafafunsa, murfin ƙura, na'urar ABS bayan na goge bakinta, tiyon birki a maƙalinsa.

Hagu, da duk abin da dama ta koya mini, bai kai awa biyu ba.

Da motar ta sauka ta tsaya a daidai, na ɗura man giya mai lamba GL-5 da ɗan famfon hannu har ya fara dawowa ta bakin ramin, na rufe da sabuwar washa. Na taka birki sau da yawa kafin in motsa. Gwajin ban yi shi a kwalta ba, domin irin wannan fowil ɗin ba shi da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, in aka yi kwana da shi a busasshiyar kwalta ƙarafan murɗe juna suke yi, sabon kai ma sai ya ji a jikinsa. Na sami fili mai tsakuwa, na saka 4H, na sauke gilashi, na yi ta zana lamba 8, gaba da baya, sitiyari har ƙarshe. Ƙanena na tsaye a waje yana bin tayar da kunne. Ba abin da ke tashi sai ƙarar tsakuwa. Fitilar ABS ba ta kama ba, sitiyari na tsaye a tsakiya, na taɓa hob biyun da bayan hannu, ɗumi ɗaya.

Da safe na tarar da ɗigon mai guda a ƙasa, daidai ƙarƙashin aksil, gabana ya faɗi. Na shiga da tocila na bi sawunsa sama. Bakin sil ɗin dama a bushe, na hagu a bushe. Man da ya dawo lokacin ɗuri ne ya taru a leɓen shasi ya kwana yana gangarowa. Na goge wurin da kananzir, na shimfiɗa farin kwali a ƙasa, na bar farantin cikin injin a jingine da bango har kwana uku kafin in mayar da shi.